A lissafa dajin gari da gaskiya kafin a yi masa kuɗi

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu, na san wasiƙar ta yi tsawo amma a yi min haƙuri, abin ne ya daɗe yana cina. Ina rubutowa ne daga Sudan, jihar Sinnar, bakin kogin Nil Azrak, wato Shuɗin Nilu, yankin da kakanninmu suka yada zango bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa. Ni malamin lissafi ne a makarantar ƙauye, kuma ina cikin kwamitin da ke kula da dajin garinmu, to maganata a kan daji ce, musamman yadda ake zuwa a yi masa kuɗi.

Abin da nake so in faɗa shi ne, duk lokacin da aka zo auna darajar dajin al'umma ana auna shi ne da mudun da bai cika ba, kuma da wannan guntun lissafin ake yanke hukuncin a sare shi a ba wani filin. Ni ba na gaba da lissafi, ai sana'ata ce. Gabata da lissafin da ya bar rabin kaya a waje ne.

Bari in ɗan yi wa 'yan'uwa na Najeriya da Nijar bayanin irin dajin namu don su gane. A gefen Nil Azrak akwai wasu kwaruruka da ake ce musu maya, idan kogi ya kawo a watan Agusta zuwa Satumba sai ruwa ya malala ya cika su, ya kwanta wata da watanni, sannan ya janye ya bar laka. A cikin waɗannan kwaruruka bagaruwa take fitowa, wadda Larabawan nan suke kira sunut, don ita ce ke jure tsayuwa cikin ruwa tsawon lokaci ba ta mutu ba. Tun zamanin Turawa ake kula da waɗannan dazuzzuka saboda itacenta na da ƙarfin gaske, da shi ake yin katakon da ake shimfiɗawa ƙarƙashin layin dogo. A 1989 aka kafa hukumar gandun daji ta ƙasa, kuma dokar daji ta wannan shekarar ta yarda gari ko ƙauye ya yi rajistar dajinsa da sunan jama'a. Wasu garuruwan sun yi, wasu har yau suna nan suna cewa ai kowa ya san namu ne.

To yanzu ga yadda ake yi. Mai kuɗi zai zo yana son fili a bakin kogi ya kafa injin ban ruwa ya dasa ayaba ko mangwaro, don ayabar wannan yankin tana da kasuwa sosai. Sai a turo masu ƙiyasi, su shiga daji da awo, su ƙirga itatuwa, su auna kauri, su ce wannan zai ba da katako kaza, ragowar zai ba da buhun gawayi kaza, su buga da farashin kasuwa, shikenan wai ga darajar daji. Sai a ajiye wannan adadin kusa da abin da gonar ayaba za ta kawo duk shekara. Wallahi a irin wannan gwaji daji bai taɓa cin nasara ba, kuma ba zai taɓa ci ba, domin an yi masa kuɗi ne a matsayin gawa, ranar da aka kwantar da shi, ba a tambayi abin da yake bayarwa yana tsaye ba. Kamar mutum ne ya yi wa saniyar tatsa kuɗi da kilon namanta ya manta da nonon da take ciyar da gida da shi kullum safiya.

Dalilin kuskuren a fili yake, mai ƙiyasi yana rubuta abin da ya bi ta kasuwa aka yanka masa rasit ne kawai. Abin da mace ta ɗauko a ka ta kai madafa ba shi da rasit, don haka a takarda babu shi.

Mu ɗauki itacen girki kaɗai. A ce gari yana da gida 400, kowane gida yana ɗebo dami 2 na busassun rassa a mako, kuma duk wanda ya san gidan Bahaushe mai mata da 'ya'ya da almajirai ya san na rage ne. A shekara dami 41,600 kenan. Kowa ya je kasuwar garinsu ya tambayi kuɗin dami ɗaya ya buga ya gani, adadin da zai fito sai ya dafe kai. Kuma wannan ba sau ɗaya ba ne kamar katako, bana ne da baɗi da baɗin baɗaɗa. Masana tattalin arziki suna da wannan hanyar a littattafansu, ba ni na ƙirƙiro ta ba: idan abu ba a sayar da shi, sai ka tambaya nawa za a kashe a sayi madadinsa in ya ɓace. Madadin itace shi ne gawayi ko tukunyar gas, madadin inuwa da ganye da 'ya'yan itacen da awaki ke ci da rani shi ne dusa da harawa da ƙuli-ƙulin dabbobi, duk kuwa kuɗi ne tsababa daga aljihun maigida.

Sai 'ya'yan bagaruwar su kansu, garad. Da rani za ka ga yara da tsofaffin mata sun duƙa a gindin itatuwa suna tsinta suna cika buhu, wata ta ɗaura zani a ƙugu tana karkaɗe rassa da gora, a kawo gida a shanya a tsakar gida, majema su saya su daka su jiƙa su jeme fata da ita, kamar dai yadda ake yi a Kano da Sakkwato. Babu gidan da za ka shiga a nan ba ka samu garad a ajiye ba saboda mura da ciwon maƙogwaro, a jiƙa a kurkure ko a turara. Tsohuwar da ba ta da gona ba ta da ɗa mai aiko mata, da wannan tsintar take sayen sabulu da sukari da ganyen shayi. A wane shafi aka rubuta ta? Haka kifin da ke shiga maya da ambaliya ya hayayyafa a cikin saiwoyi, idan ruwa ya fara janyewa masuntanmu su kama tarwaɗa da karfasa su ci su sayar su banɗa, ai Hausawan bakin kogin nan da su aka san su. Ga amya da ake ratayawa, ga kurna da aduwa a tudun gefen dajin da yara ke kaiwa bakin makaranta. Ko wannensu shi kaɗai ƙaramin abu ne, amma a haɗa su gida 400 shekara guda a gani.

Akwai kuma wanda ya fi wuyar aunawa amma ya fi duka tsada, wato riƙe gaɓar kogi. Nil Azrak ba ya wasa, idan ya kawo yana cin gaɓa ne yana zubarwa, kuma duk manomin bakin kogi ya san inda aka share itatuwa nan ne ƙasa ke fara tsagewa ta rufta. Wannan ma yana da hanyar lissafi, a duba fadan nawa, wato ma'aunin fili na nan, na gona ruwa ya cinye a inda babu itace, a kwatanta da inda akwai, a buga da abin da fadan ɗaya ke bayarwa, ko a tambayi injiniya nawa za a kashe a jera dutse a wannan tsawon gaɓar. Mai gonar ayabar ma da kansa yana cin moriyar dajin da ke sama da shi bai sani ba.

Sannan lokacin mata, wanda ni a ganina shi ne babban zaluncin da ke cikin wannan lissafi. Idan daji yana bayan gari, yarinya za ta ɗebo itace bayan la'asar ta dawo kafin magariba. Idan aka share shi sai an yi tafiyar rabin yini, to wa za a tura? Ita dai yarinyar, kuma a aji na nake ganin gurbinta. Babu mai ƙiyasin da na taɓa gani ya zauna da mata ya tambaye su awa nawa suke yi, da maza ake zama a ƙofar gidan mai gari, maza kuwa da yawansu ba su san ma daga ina itacen da aka dafa musu tuwo ya fito ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya nuna wa kowa abin da nake faɗa, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Gas ya yanke, wuta ta ɗauke, mutane suka kwararo daga Khartum, sannan da Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023 wasu suka ƙaru, har abin ya iso Sinja, babban birnin jiharmu, a 2024 mu ma muka ɗanɗana. Gidan da ke da mutum goma ya koma talatin. Da me aka dafa musu abinci? Da me gidajen burodi suka yi aiki? Daji ne ya ɗauki nauyin nan gaba ɗaya, shi ya zama asusun da aka fasa ranar wuya. Kuma ya ji jiki, don ba busasshe kaɗai aka ɗiba ba, masu gawayi sun shiga da zarto sun kwantar da ɗanye. Ko dajin sunut na cikin Khartum da ke bakin Farin Nilu, wanda tsuntsaye masu ƙaura ke sauka a cikinsa, bai tsira ba. Ni ba na zagin wanda ya sari itace don 'ya'yansa su ci, amma wanda ya cika manyan motoci ya kai birni ya yi kuɗi da wahalar mutane, wannan kam akwai hisabi tsakaninmu da shi. Abin lura dai shi ne wannan amfanin na ranar tsanani shi ma daraja ce, kuma babu shi a takardar kowa.

Bari in taɓo ƙaro, tunda Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, har Amurka da ta ƙaƙaba wa ƙasar nan takunkumi a 1997 ta cire ƙaro daga ciki saboda kamfanonin lemon kwalba da magunguna da alewa ba sa iya yi sai da shi. Itacen dakwara, wanda a nan ake ce wa hashab, ana fara tsaga shi yana da shekara 4 zuwa 5, bayan ɗaukewar ruwa, a jira makonni ƙaron ya fito ya daskare a bi a tsince. A matsakaici itace ɗaya yana ba da wajen rubu'in kilo a shekara. A ce mutum yana da 200, kilo 50 kenan, ya ɗan haura ƙintari ɗaya, kuma zai yi ta ba shi shekara da shekaru, ga shi yana gyara ƙasa, idan aka sare aka shuka dawa ko riɗi a wurin sai ka ga bambanci. A lissafin dogon zango babu yadda za a yi gawayi ya kamo ƙaro. To me ya sa mutane ke sarewa su ƙona? Ba jahilci ba ne kamar yadda wasu 'yan boko ke cewa. Kuɗin gawayi yau ne a hannu, kuɗin ƙaro sai an jira, kuma mai tsagar ya riga ya ci bashi wurin ɗan kasuwa tun da damina da sharaɗin zai biya da ƙaro a farashin da aka yanka masa. Daga 1969 har 2009 kamfani ɗaya ne ke da ikon fitar da ƙaro waje, an soke wannan amma har yanzu abin da ke isa hannun mai tsaga kaɗan ne a kan abin da ake sayarwa a Turai. Don haka idan an ce daji yana da daraja kaza, tambaya ta biyu ita ce aljihun wa take shiga. Darajar da ba ta isa ga mai gadin itacen ba, ba za ta hana shi ɗaukar gatari ba.

Yanzu ga abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami. Kafin yaƙi wasu matasa sun zo mana daga wata ƙungiya da takardun tambayoyi, yara masu ladabi, ba ni da abin cewa a kansu. Tambayar tasu ita ce, nawa za ka iya biya duk wata don a kiyaye dajin nan? Wannan hanya ce sananniya, an yi amfani da ita a Amurka wajen ƙiyasta ɓarnar da jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya yi a gaɓar Alaska a 1989, har aka kafa kwamitin manyan masana ciki har da Kenneth Arrow da Robert Solow, a 1993 suka ce ana iya aiki da ita in an bi ƙa'idoji. Amma a ƙauyenmu me ya faru? Da mutane suka ji kalmar biya sai kowa ya ɗauka sabon haraji ne ake shirin kawowa, wani ya ce ba shi da ko sisi, wani ya faɗi ɗan abin da bai kai kuɗin shayi ba, wani dattijo kuma ya fusata ya ce dajin da ubansa ya dasa ne za a ce ya biya? Duk wanda ya karanta wannan sakamakon a ofis zai ce mutanen nan ba su damu da dajinsu ba. Alhali abin da aka auna shi ne talaucinsu da tsoronsu, ba ƙaunarsu ga dajin ba.

Da an tambaye su kwana nawa za ku ba da na gayya a shekara, don watsa iri idan ruwa ya janye, da share hanyar wuta, da gadi, wallahi da an ji magana daban. Mu da nafir muka saba, yadda ake ce wa gayya a nan, da shi muke gina masallaci da aji da shi muke tare ruwa. A ce gida 400 kowanne ya yi alkawarin kwana 6, kwanan aiki 2,400 kenan, a buga da ladan lebura na yini ɗaya, ga adadi nan mai ma'ana wanda mutane za su tsaya a kai. Kuma yana da wata fa'ida, kwanan aiki ba ya faɗuwa. Kafin yaƙi dala tana wajen fam 600 na Sudan, yanzu ta ninka sau da yawa, to ƙiyasin da aka rubuta da fam shekara uku baya yau wane amfani zai yi? Gara a rubuta da dami da buhu da ƙintari da kwana, duk ranar da ake buƙata a mayar da shi kuɗin ranar.

Wani zai ce to Malam duk wannan wahalar ta mece ce. Amsa ita ce diyya da shari'a. Ga madatsar ruwan da Habasha ta gina a saman wannan kogin namu, ta fara tara ruwa tun 2020, kuma kowa ya san za ta daidaita gudun ruwa, ambaliyar da muka saba ta ragu. Wannan alheri ne ta wani ɓangaren, gidaje ba za su riƙa rushewa ba kuma masu injin ban ruwa za su samu ruwa duk shekara, amma bagaruwar maya da ambaliya take rayuwa, ita da gonakin bakin kogi da masu yin jan bulo da lakar da ruwa ke kawowa. Idan maya ta daina cika, wa zai ce ga abin da muka rasa in ba mu taɓa rubuta abin da muke samu ba? Ranar da za a zauna rabon diyya ko tallafi, mai takarda ake saurara. Haka idan an zo da maganar kuɗin iskar carbon da ake ta yayatawa, cewa ƙasashen da ke gurɓata iska za su biya masu itatuwa, garin da ba shi da rajista ba shi da lissafi wani ne zai karɓa da sunansa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2021 ta amince da tsarin shigar da irin wannan amfanin na muhalli cikin lissafin arzikin ƙasa, to mu me muke jira da namu ɗan littafin?

Ba kuma kowane kore ne alheri ba, kar a ce na ce. Miskit, wani itace mai ƙaya da aka shigo da shi don tare hamada ya zame wa manoman Kasala da wasu wurare bala'i, ya cinye gonaki da magudanan ruwa, shi ma lissafin gaskiya zai nuna ɓarnarsa ta fi amfaninsa a irin waɗannan wuraren.

Kuma ina so a fahimce ni, yi wa daji lissafi ba yana nufin an sa shi a kasuwa ba ne. Akwai abin da ba na yarda a sa masa farashi, itatuwan da ke maƙabarta, da inuwar da mahaddata ke zama da allunansu, da hakkin jikokin da ba a haifa ba waɗanda babu wanda ya kai musu takardar tambaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face ya zama sadaka a gare shi. Adadin da za mu fitar shi ne mafi ƙarancin darajar, daga nan ake farawa a hau sama.

Abin da muka fara a kwamitinmu, kuma nake kira ga sauran garuruwan Hausawa daga nan har Damazin da Gadarif su gwada, ba ya buƙatar kwamfuta ko baƙo daga waje. Littafi ne babba guda ɗaya, da ɗaliban aji na sama, kowane ɗalibi a ba shi gidaje kaɗan a unguwarsu, duk Juma'a ya tambayi uwar gida dami nawa aka shigo da shi, garad mudu nawa, awa nawa aka yi, dabbobi nawa suka yi kiwo a ciki, masunta da masu zuma su ma su faɗi nasu. 'Yan mata su ne ke shiga wurin mata don an fi sakin jiki da su. A yi haka damina da kaka da rani cikakku don kar a ɗauki lokaci ɗaya a yi hukunci da shi. Sannan a bi takardun rajista har a samu, a san iyaka a kafa alama, a kuma riƙa tuna wa hukuma dokar da ta ce manyan gonakin damina su bar kashi 10 cikin 100 na filinsu ga itatuwa, na ban ruwa kuma kashi 5, wadda duk mai bin hanyar Gadarif ya san ba a cika ta ba.

A ƙarshe Malam Edita ina da roƙo. Muna jin labarin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka dawo da itatuwa a gonakinsu ta hanyar barin tohon kututture ya girma, gawo da sauransu, har ana maganar hekta miliyan 5. Don Allah ku tura wakilinku ya zauna da manoman can, da matansu, ya tambayo mana dalla-dalla yadda suke raba amfanin da yadda suke hukunta wanda ya yi sata a itacen wani, haka kuma masu ƙaro na Jigawa da Yobe da Barno nawa ke isa hannunsu a kan kowane buhu. Ku buga mana da Hausa, muna karantawa a waya duk lokacin da intanet ta samu, kuma ni da kaina zan karanta wa kwamiti.

Wassalam. Naku,
Malamin makaranta kuma ɗan kwamitin daji, daga jihar Sinnar, Sudan.